Shekara Bakwai Bayan Adda Kulu, Mai Haruffan Fata

Shekara bakwai ke nan da muka raka yayata Hauwa'u makwancinta, wadda duk Ƙofar Marke ta sani da Adda Kulu. Ni ɗan kasuwa ne. Fatun awaki da na tumaki nake saye ina sayarwa, tun ina dakon kayan wasu har na samu nawa, don haka ban iya fara zance ba sai na baje kaya a fili. Ga abin da ta bari: ɗaki guda a ƙofar gidanmu na gado, mai kallon titi, tabarmi uku da suka soma zarewa, allon bango da ta shafe da baƙin fenti da hannunta, sai burgami guda, jakar fatar akuya, cike da haruffan boko da aka yanka da jar fata. A ɗaya gefen sikelin kuma akwai wani matashi mai sayar da kayan waya da yake son ɗakin haya. Zai gyara rufin da ke yoyo, ya sa ƙofar ƙarfe. Ƙannena biyu da muka haɗa gado sun riga sun ce masa to. Amsata kaɗai ake jira. Na roƙi a bar ni har watan da ta rasu ya zagayo, ga shi kuwa ya zagayo.

Adda Kulu malamar firamare ce, kuma aji ɗaya ta koyar tun daga farkon aikinta har ta yi ritaya. An sha yi mata tayin manyan azuzuwa tana ƙi. Cewa take yi kowa na iya ɗora bulo a kan gini, amma tushe ba a ba wa mai gaggawa. Da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, sai ta dawo gida. A lokacin ɗakin nan ma'ajiyata ne, inda nake jibge ɗanyun fatu da gishiri kafin mota ta zo. Wata safiya ta same ni a ciki ina juya kaya.

"Ballo," in ji ta. A kasuwa Alhaji ake ce mini, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta ƙara wa sunana komai ba. "Ɗakin ga nika so. Kwashe hwatunka ka kai su inda hanci ya saba da su."

"Mi za ki yi da shi, Adda?"

"Ɗiyan unguwa za ni tarawa, waɗanda ba su isa makaranta ba."

"Nawa za su riƙa biya?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da nig goya, nawa kab biya?"

Wanda ya san ciniki ya san lokacin da aka sallama masa ba tare da an tambaye shi ba. Kafin mako ya fita na kwashe kayana.

Da farko haruffan roba ta sayo a kasuwa. Ba su yi ƙarko ba. Wasu suka karye, wasu ƙanana ne har tana tsoron yaro ya haɗiye, ga shi babu namu masu ƙugiya a ciki. Sai ta zo rumfata ta ce in nuna mata fatun da ba su shiga lamba ba, irin waɗanda wuƙar mai fiɗa ta huda ko ƙurji ya ɓata. Ta zaɓi nata, ta kai wa majema, daga nan ta kai wa wani tsohon baduku, Malam Isa, ta zana masa kowane harafi a kwali, girman tafin hannun babba. Fatar da aka jeme tana da fuska da baya: fuskar ja ce mai santsi, bayan kuwa kaushi ne da shi. Wannan ne ta hango ni ban hango ba, duk da shekarun da na yi ina shafa fata. Yaro ɗan shekara uku ba sai an ce masa ya juya harafi ba. Yatsunsa ne za su gaya masa ya riƙe shi a kife.

Karatun nata wasa ne zalla. Yara za su zauna da'ira, burgami a tsakiya. Wanda aka kira zai zura hannu, ya lalubo harafi guda, ya faɗi sunansa tun bai fito da shi ba. In ya dace, sai a yi masa tafi, harafin kuma ya zama baƙonsa. Haka take cewa: baƙo. Zai tafi da shi gida ya kwana, gobe ya dawo da shi tare da wani abu na gidansu da sunansa ya fara da wannan harafin. Mai “g” ya zo da goro da ya roƙo wajen kakarsa. Mai “l” ta zo da ludayi, uwarta na biye da ita don ana tsakiyar dama fura. Ranar da wani Ummaru ya samu “a”, sai ga shi da safe yana jan akuyar gidansu da igiya, yana gumi, akuya na turjewa. Adda ba ta yi dariya ba sai bayan an tashi. Ta karɓi baƙuwar da mutunci, ta sa yara suka gaishe ta, akuya kuma ta ci gefen tabarma guda. Har yau gurbin yana nan.

Abin da ya dame ni shi ne baƙin nan ba duka suke dawowa ba. Bayan 'yan watanni sai ta sake zuwa rumfa neman fata, Malam Isa ya sake yanka. Ni kuwa a sana'ata, kayan da suka fita ba su dawo ba, ba kuɗinsu, suna guda gare su. Na ce mata, "Adda, wagga ai hasara ta. Ki riƙa rubuta wanda yat tahi da mi." Ta ce, "Hwatar da kac ce ba ta da kasuwa, ita kaka yi ma kuka?" Na ba ta fatar ta tafi. Na ɗauka sakaci ne irin na mai tausayi.

Sai a zaman makokinta na san inda haruffan suke zuwa. Maiɗakina ce ta ba ni labari, don a cikin gida abin ya faru. Matan unguwa suka riƙa shigowa gaisuwa, wannan ta kwance haɓar zane, waccan ta buɗe jaka, kowace ta ajiye harafi ɗaya ko biyu a gaban tabarma. Wata matar mahauci, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta zo da kusan rabin burgami. Ashe in Adda ta lura uwar yaro tana tambayarsa sunan baƙon da ya kawo, sai ta riƙa cusa na biyu a aljihunsa ta ce, “Wanga na innarka na, kada ka maido.” Matar ta ce a bakin murhu take kwaikwayon su da gawayi, har ta kai tana gane sunayen 'yan'uwanta a waya ba sai ta jira wani ya dawo ba. Adda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ta san akwai matan da kunya za ta hana su in aka ce karatu suke yi tare da 'ya'yansu. Shi ya sa in ka zazzage burgamin nan yau, za ka ga wasu haruffan sun yi baƙi, suna ƙanshin hayaƙi da man gyaɗa. Alheri danƙo ne, in ji masu magana. Ni da idona na ga ya dawo a ƙulle a haɓar zane.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Jikata Sadiya ba ta kai shekara huɗu ba, amma tana rera haruffa daga farko har ƙarshe, da karin da ta koya a wayar uwarta. Ranar nan na nuna mata babban harafi guda a jikin buhun gishiri na ce mene ne wannan, sai ta koma farkon waƙar, tana fatan za ta ci karo da shi a hanya. Ban ce laifin waya ba ne, Adda ma ba za ta ce ba. Ba mai gudun zamani ba ce. Ita ta riga ni iya aika saƙon murya. Na tabbata da ta ga littattafan hotuna na Hausa da ake samu yanzu, da katakon haruffa masu launi, da kuɗin fanshonta ya ƙare a kansu. Abin da za ta tambaya kawai shi ne, ina yaron zai kama? Ta yi imani abin da hannu bai taɓa ba, kai ba ya riƙe shi da kyau. Abin da zai ɓata mata rai kuwa shi ne ganin ɗan mitsitsin yaro da asuba yana rinjaya da jaka a baya, an ba shi aikin gida shafi biyu tun bai iya ɗaura wandonsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ba a ce a ɗora masa dutse ba. Sannan akwai waɗanda iyayensu ba su da halin kai su irin waɗannan makarantu, suna nan a lungu suna wasa da murfin kwalba, kamar yadda ta same su tun farko.

Bayan rasuwarta 'yata Nana ce ta riƙe ɗakin, har aure ya kai ta wani gari shekara biyu da suka wuce. Tun sannan yake rufe. Na nemi mai koyarwa, duk wadda na samu albashi take so, kuma tana da gaskiya. Ƙannena ma suna da gaskiya. Rufi na yoyo, gida na son gyara, ɗayansu ga yara a makaranta ga kasuwa ta ja baya. Ba a cin tuwo da tunawa da mamaci. Da wani ne ya kawo mini wannan shawara a kan gidan da ba namu ba, ni zan fara ce masa ya ba da haya.

Makon jiya bayan la'asar na buɗe ɗakin don in ga abin da za a kwashe. Ina kaɗe tabarmi sai na ji motsi a bakin ƙofa: yara huɗu, suna leƙe. Ba wanda aka haifa a cikinsu lokacin da Adda ke raye. Babbar cikinsu, wata Hafsi, ta nuna burgamin ta ce, “Alhaji, minene ciki?” Ban shirya komai ba. Na zauna a ƙasa da babbar rigata, gwiwoyina na ƙara, na zazzage uku kawai, na gaya musu sunayensu, na ba su suka shafa, suka shinshina, ƙaramin ya gwada da haƙori. Sannan na mayar da su ciki na ce wa Hafsi ta zura hannu.

Ta lalubo guda, ta yi tsit. Idonta a rufin ɗaki, yatsunta na aiki a cikin burgami. Amsar ta zo mini har bakin leɓe. A nan na tuna yadda Adda take yi a irin wannan gaɓa: ba ta taimako, ba ta cewa yi sauri, ba ta ko gyaran murya. Zama take yi kamar ba ta da wani aiki a duniya. Sai na ga ashe na san wannan shirun. Shi ne shirun da nake yi in na yi tayi mai kaya yana tunani, inda duk wanda ya riga buɗe baki ya ɓata cinikin. Cikin duk abin da ta iya, wannan guda ne nake da shi. Na haɗiye amsata na jira. Can, da muryar da da ƙyar na ji, yarinyar ta ce, “Mmm.” Ta zaro shi. Harafin “m” ne kuwa.

Washegari na kira ƙannena. Na ce duk abin da matashin nan ya taya, na saya a haka, rufin kuma a wuyana. Ƙaramin ya yi dariya har da riƙe ciki. “Yaya, haya za ka biya cikin gidan ubanka?” Na ce na sha biyan abin da ya fi wannan tsada a kan kayan da ba su kai shi ba. Matashin na nema masa wani shago wajen Ƙofar Dundaye, ya ce ya gode, ko da yake fuskarsa ba ta ce haka ba.

Allah Ya haskaka kabarin Adda Kulu, Ya karɓi baƙuncinta kamar yadda ta koya wa ƙananan yara karɓar baƙo.

Saura lissafi, don ban saba tashi daga ciniki ban yi shi ba. Abin da ya fita: haya duk shekara, kwanon rufi, da cinikin la'asar da zan riƙa bari a hannun yaran rumfa. Malamin kuma ni ne, tsohon da bai gama firamare ba, wanda in ya zauna a tabarma sai an miƙa masa hannu yake tashi. Abin da ya shigo: yara huɗu, jiya sun zama shida, da harafi guda da ya zauna a kan yarinya guda. Duk dillalin da na nuna wa wannan zai ce na faɗi, kuma a ma'aunin kasuwa bai yi ƙarya ba. Na ji, na gani, na sallama. Gobe bayan la'asar ƙofa a buɗe take.