Wutar da Maigida Ya Liƙe da Salatif

Sabuwar jif ce dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba, amma tun satin farko injinta ke shaƙewa. Ana cikin tafiya sai ta hau jijjiga, wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na ce wa maigidana, "Malam, don Allah ka mayar musu da abarsu Kano tun da wuri."

Ina! Mutumin da duk unguwarmu a Haɗeja aka zo aka sa masa albarka, har liman ya dafa motar ya yi addu'a, shi ne zai fito ya ce ba ta da lafiya? A majalisa yabonta yake yi. A gida kuwa sai mita: mai sayarwa ya cuce shi, man gari ba shi da kyau, masu ƙera ta ba su san zafin ƙasarmu ba. Da na ishe shi da maganar wutar nan, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, wai tana ɗauke masa hankali. Ranar ko abinci ban ci ba don takaici.

Ana tsakiyar damina ƙanena ya bugo waya daga ƙauyenmu, gaba da Kirikasamma. Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace. Muka tafi, jif tana tari tana tafiya.

Muka ɗauko ta. Kanta na kan cinyata, harshenta ya yi nauyi amma tana ɗan haɗa magana. A tashar Kirikasamma ƙanena ya ce a mayar da ita motar haya, ga wata nan ta kusa cika. Na ce haka za a yi. Maigida bai ko waiwayo ba, don ba ya haɗa ido da surukarsa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ina da mota, surukata ta shiga ta haya? Me za a ce da ni?"

Na ce, "A ce koma mene ne, Malam! Uwata ce!"

Ya ja mota.

A kan hanyar nan mai ruwa hagu da dama, ba komai sai ciyawar kachala da ta fi mutum tsayi, injin ya yi jijjiga ya mutu. Ya murɗa makulli, shiru. Ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallo, kamar zai gane wani abu. Motar hayar da muka ƙi ta wuce mu a cike maƙil. Ina riƙe da hannun Inna ina jin yana saki, ina ta kiran sunan Allah. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba.

Sai bayan la'asar wata a-kori-kura mai kwandunan kifi ta tsaya. A tsakanin kwandunan muka shimfiɗe ta. A asibiti likita ya duba ta, ya dube mu ya ce, "Me ya tsayar da ku?"

Inna ta rayu, amma magana ta tafi. Ni 'yar fari ce, dama ba ta taɓa kama sunana ba, "ke yarinyar nan" take ce mini. Shi ma ɗin ban sake ji ba.