Baba da Mai Rabon Ƙwallo

A gidanmu na unguwar Ƙurban, a birnin Annabi, yayana ne ya koya mini jarabar ƙwallon kwando da kaset ɗin bidiyo da yake arowa. Akwai wani gajeren ɗan wasa da muke mutuwar so. Shi ke raba wa abokansa ƙwallo, yana miƙa ta ko waigawa bai yi ba. Sai sabon koci ya ce masa ya bar rabo, ya riƙa jefawa a kwando da kansa. Yayana ya ce daidai ne, gwani shi ya kamata ya ci. Raina ya ɓaci, muka kaure da musu, yana zuba Larabci ina rama masa da Hausa.

Baba na gefe yana ƙulla dabino a leda. Duk azumi shi ke shimfiɗa wa sahun mutane abin buɗa baki a Masallacin Annabi. Ya san wanda ba ya shan nono, ya san tsohon da burodi ya fi ƙarfin haƙorinsa.

Ya ɗago ya dubi yayana, ya ce, "Kai, ran da na zauna na cika cikina, wa zai ciyar da sahun?"