Gwiwar Sulan

Kuang Deshun ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a birnin Kaifeng, kuma a ashirin da biyu daga cikinsu matarsa Meng Sulan ce kwandastarsa. Shi yana gaba, ita tana ƙofar baya da jakar tikiti rataye a wuya. In fasinja sun gama shiga sai ta bubbuga jikin motar sau biyu da tafin hannu, shi kuma ya saki birki. A madubi ya fara ganinta. Abokan aikinsu sun sha tsokanarsa cewa ya fi sanin fuskar matarsa a juye.

Tsayuwar ƙofa ce ta cinye wa Sulan gwiwar hagu. Zaman sitiyari kuma ya sandarar wa Kuang da kafaɗu. Da suka yi ritaya, ita ce ta ja shi zuwa filin da ke gindin tsohuwar ganuwa, inda tsofaffin unguwa ke haɗuwa da ƙarfe shida na safe suna taici, suna motsa jiki a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Kuang ya ce zai gwada na sati ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Su wajen talatin ne, kuma Malam Dou, tsohon malamin firamare, shi ke tsayawa a gaba. Sai dai a taici gaba ba ya zama gaba har ƙarshe. Ana tafiya gabas ana bin malam, a tsakiyar darasi a juya yamma, nan take na ƙarshen layi ya koma shi ne kowa ke kallo. Shi ya sa ba a ajiye sabon shiga a can. Sulan ce mai wurin. Ta haddace motsi ashirin da huɗun da ke cikin darasin tun shekararta ta farko, har Malam Dou yake ce mata idonsa na baya. Kuang kan tsaya dab da ita. In an fuskanci gabas ya bi malam, in an juya ya bi matarsa. Bai taɓa haddace komai ba, bai kuma ɓoye hakan ba.

"Me zan yi da hadda?" yakan ce. "Ina da kwandasta."

Ita kuma, ko da ta ba shi baya, takan ce a hankali, "Kafaɗa, direba." Sai ya sauke kafaɗunsa da suka haye har kunne.

Sulan ta rasu ranar tara ga watan Satumba, tana shanya kaya a baranda. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta, kuma ba ta sha wahala ba. Kuang ya ce, "To." Aka miƙa masa takardu ya sa hannu. Da aka ƙone gawarta bisa al'adar garin, aka ba shi akwatin tokarta ya rungume, ya ce ya fi yadda ya zata nauyi. Kowane kwana bakwai ya ƙona mata takarda kamar yadda ake yi wa mamaci a can, har bakwai ɗin suka cika bakwai. Bai yi kuka ba. Ba wai riƙewa yake ba. Ya duba cikinsa ne bai sami abin ba, kamar mai laluben aljihun rigar da aka wanke.

Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Yakan sayi burodin tururi guda biyu da safe, ya ci ɗaya, ɗayan ya bushe a kan tebur. Cikin wata biyu ya ƙara huji biyu a bel ɗinsa.

Filin kam bai daina zuwa ba, don ƙafafunsa sun san hanya. Yakan tsaya a wurinsa ya bi Malam Dou zuwa gabas. Da an juya yamma, babu kowa a gabansa sai fili da tubalin ganuwa, sai ya sauke hannuwa ya tsaya ƙyam har a gama. Ba wanda ya taka wurin Sulan. Rabin darasin na biyu ya koma kame-kame, wannan na leƙen wancan, malam na ɗaga murya daga baya.

'Yarsu ɗaya ce, Yanping, ma'aikaciyar jinya a Suzhou. Ta zo a farkon Nuwamba, ta buɗe firij ta ga tulun ganyen da uwarta ta jiƙa da gishiri yana nan ba a taɓa shi ba, ta ɗora mahaifinta a kan sikeli. Washegari ta sayi tikitin jirgin ƙasa biyu na ranar Lahadi.

"Baba, ɗaki na nan na gyara maka. Gidan nan a ba wa 'yan haya."

"To."

"Kayan Mama fa? In ba aminiyarta Anti Fan ta raba?"

"To."

"Baba, in na ce ka shiga rijiya ma to za ka ce?"

Ya dube ta kamar yana auna maganar. "In kin ga ya dace."

Gidan ɗaki biyu ne a hawa na uku, sun shekara talatin da shida a cikinsa. Kuang ya san in ya bar shi ba dawowa zai yi ba. Ya san hakan kamar yadda ya san lambar takalminsa.

Ranar Asabar ya fita filin kamar kullum. Yanping ta bi shi, ta zauna a benci da hannuwa cikin aljihun kwat. Akwai sanyi, numfashin mutane na fita fari. Akwai kuma sababbi biyu, wasu mata da suka bar aikin banki kwanan nan, da takalmansu farare tas.

Fan Yuzhen ce ta tare shi. Ita ce aminiyar Sulan, gajeriya mai babbar murya, ta yi shekaru tana sayar da kifi a kasuwa.

"Yaya Kuang, ashe gobe za a yi awon gaba da kai? Ko sallama babu?"

"Ga ni ai."

"Ga ka kamar sandar shanya. To tunda yau ce ta ƙarshe, ka yi mana amfani sau ɗaya a rayuwarka. Matsa can." Ta nuna wurin Sulan da haɓa.

"Ban iya ba."

"Shekara sha ɗaya kana zuwa nan, ciyawa kake ci?"

"Bayanta nake kallo."

"Wannan kowa ya sani, tsohon banza. Matsa."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Malam Dou yana ta fama da 'yar rediyonsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Tsaya can, direba. In ka ɓata, tare za mu ɓata. Mun saba."

Kuang ya ce, "To." Taku biyu ne tsakanin wurinsa da nata. Ƙasar wajen ta ɗan lotsa, ciyawar da ta fara tsirowa bayan Satumba ba ta gama rufe ta ba.

Kiɗa ya tashi. Suka ɗaga hannuwa, suka sauke. Suka bi malam gabas, taku bayan taku, Kuang a can ƙarshe yana kwaikwayo kamar kullum. Ba ya tunanin komai. Ya lura igiyar takalmin ɗaya daga cikin matan bankin ta kwance. Sai aka zo wurin juyi. Ya juya a kan dunduniya, ga ganuwa, ga mutum talatin a bayansa.

Ya yi niyyar sauke hannu. Ƙafarsa ta hagu ce ta riga shi, ta tashi da kanta ta tura iska da dunduniya. Hannunsa na dama ya dunƙule yatsu kamar bakin tsuntsu. Jikin ya ci gaba, shi yana ciki kamar fasinja.

Motsin da ke biye shi ake kira saukar maciji. Mutum zai lanƙwasa ƙafa ɗaya ya sauka ƙasa sosai, ɗayar a miƙe, sannan ya taso. A yi ta wannan gefe, a yi ta wancan. Kuang ya sauka a kan ƙafar dama har ƙasa, ya taso. Da aka zo kan ta hagu sai ya tsaya a rabi, ya ɗan karkata ƙugu, ya dafa cinya da yatsu uku kafin ya miƙe.

Daga bayansa ya ji muryar Fan, ba da ƙarfi ba, kuma ba da tsokana ba.

"Yaya Kuang, gwiwarka lafiya lau take fa."

Gwiwarsa lafiya lau take. Bai taɓa ciwon gwiwa ba. Shekara goma sha ɗaya yana tsayawa a rabi yana dafa cinya, yana zaton haka motsin yake.

Kafaɗunsa sun haye har kunne. Ya jira. Ba mai ce masa, "Kafaɗa, direba." Ya sauke su da kansa, kuma da suka sauka sai kukan ya fito, da sauti irin na ƙofar bas da ta daɗe ba ta sha mai ba. Ruwa ya cika masa ido har ganuwa ta narke. Hancinsa na zuba. Bai tsaya ba, domin akwai sauran motsi shida, kuma yana jin takun mutane a bayansa suna tafe da shi. Sau ɗaya ya kai bayan hannu ya share fuska. Matan bankin nan biyu su ma suka kai bayan hannu suka share tasu, a hankali, da kyau.

Aka rufe darasi, aka haɗa ƙafafu. Kiɗan ya ƙare, shi bai ƙare ba. Ya tsuguna a wurin da ya lotsa, ya yi ta yi wajen minti goma. Mutane suka shiga naɗe rigunansu suna zancen farashin kabeji. Fan ta ajiye masa hankici a gwiwa ta wuce. Malam Dou ya zo ya tsaya kusa da shi yana kallon ganuwa.

"Ka yi kuskure uku," ya ce. "Duka ukun nata ne."

Yanping ba ta taso daga benci ba sai da ya miƙe. Idanunta sun yi ja. Suka nufi rumfar mai miyar safe a bakin titi, ta sa aka zubo musu kwano biyu na miyar nan mai kauri da barkono da naman sa. Kuang ya kai cokali uku. Ya ajiye.

"Gishiri ya yi yawa."

"Kullum haka take, Baba."

"Da ba haka take ba." Ya ɗauki cokalin ya ci gaba, har ya ga gindin kwanon. Ya goge baki da hankicin Fan. "Jirgin nan ƙarfe nawa ne?"

"Tara da kwata."

"Ki tafi ke kaɗai."

Ta ajiye cokalinta. "Baba, don ka yi kuka sau ɗaya ba shi ne ka warke ba. Aikina ke nan, na sani."

"Ban ce na warke ba."

"To me ka ce?"

"Ba su da kowa a baya."

Ta ce za ta mayar da tikitinsa ta bar shi a nan, amma zuwa bikin sabuwar shekara kawai; Anti Fan za ta riƙa ɗora shi a sikeli duk Litinin, in ya rage ko rabin kilo za ta zo da kanta ta tattara shi. Ya ce Fan sikelin kifi gare ta, kuma duk Kaifeng an san yana ƙarya. Yanping ta ce ita ma ta sani, shi ya sa za ta bar nata.

Ranar Lahadi ya raka ta tasha, ya dawo a bas, ya zauna kusa da ƙofar baya. Yanzu babu kwandasta, kati ake dangwalawa a jikin na'ura. Bai ji komai ba a hanya. A gida ya buɗe tulun ganyen Sulan, ya ɗebi kaɗan ya ci da burodi.

Har yau shi ke tsayawa a ƙarshen layi. Kukan ya dawo masa sau biyu ko uku, yawancin safiya kuwa babu abin da ke zuwa sai sanyi. Malam Dou ya gyara masa kuskure biyu. Na ukun ya ce a bar masa, don haka duk wanda ya koyi taici a gindin ganuwar nan daga wannan hunturu, in ya zo saukar maciji ta hagu, a rabi yake tsayawa ya dafa cinya.