Takin da Na Saya Sau Biyu

Jama'a, yau na gano ashe takina ake sayar min, ni kuma ina ta godiya.

Kun san ni masinja ne a ofishinmu na Gusau, karatuna bai wuce firamare ba. Tun da aka maido mu daga Sakkwato nike ganin wasu haruffa a takardar albashina, F/L, ana cire kuɗi a gabansu. Na ɗauka harajin sabuwar jiha ne. Yau da safe na nuna ma sabon akawunmu, Sanusi.

Ya ce, "Baba, wanga ai bashin takin zamani ne na gwamnati. Duk damina ana fitar maka da buhu uku."

Na ce, "Wa? Ni?"

"Kai fa. Malam Bawa mai kula da sito ke amsar maka, ya ce kai ka aike shi."

Malam Bawa! Mutumin da ke sayar min da taki a bayan sito, yana raɗa min wai rangwame ya yi don zumunci. Bara har zabi biyu na kai mashi daga Wanke.

Na iske shi yana shan fura. Na aza takardar a gabanshi.

Ya ce, "Haba Malam Isa, rage murya mana. Da ban amsa ba ai wani zai kwashe."

Na ce, "Ina buhunan bana? Masarata ta fara rawaya."

Ya share baki, ya ce tun jiya sun tafi kasuwar Tsafe, amma in zan ƙara wani abu zai nemo min ɗaya.

Na kife mashi kwanon furar a ka. Yanzu ni aka ce in bayyana gaban Oga gobe.