Randar Kaka a Agege

Duk lokacin da ruwan sama ya fara dukan kwano sai raina ya ɓaci, don gidan nan na Agege yake tuna mini.

Daminar da sojoji suka sauka daga mulki na raka kakata Legas. Ikorodu muka nufa, wajen innata da ta haihu, ɗauke da 'yar randar da za mu kai mata, naɗe cikin tsumma. Ita ce ta ƙarshe da kaka ta gina kafin idonta ya dushe, kuma ni aka ɗora wa tsaronta. Muka sauka a Agege, gidan wani ɗan garinmu mai sayar da albasa, kafin mijin inna ya zo ya ɗauke mu.

Ban taɓa ganin gida irin wannan ba. Ɗakuna na kallon juna, ga Hausawa, ga Yarbawa, ga 'yan Nijar, kuma ba a barin komai ya huta. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, sannan a watsa wa barkonon da aka shuka cikin tsohuwar taya. Takalmina ma in na cire a ƙofa, sai in tarar an tokare taga da shi.

Na ɓoye randar ƙarƙashin gado. Rufi ya fara yoyo, matar gidan ta jawo ta ta tara. Na ƙwato. Washegari na tarar an jiƙa wake a ciki. Da na yi kuka sai ta ce, "Haba 'yar nan, abu na zaune haka nan? Ai asara ce."

Ranar da za mu tafi, na fito daga wanka, sai ga maigadin gidan, wani ɗan Nijar, ya huda randar daga ƙasa, ya liƙa famfon roba, ya zuba yashi da gawayi yana tace ruwan rijiya. Yara sun yi layi da kofuna. Shi kuwa har da yi mini murmushi, wai in zo in ɗanɗana!

Na ruga na kai ƙara. Kaka ta laluba hujin da yatsa. Can ta ce, "Ba ni in sha." Ta sha, ta ce a bar musu.

Inna bokitin roba ta samu maimakon randar. Yanzu kowa ruwan leda yake saye, kuma ba mai ginin tukwane a garinmu. Ni dai har yau haushin bai sake ni ba. Duk danginmu ba mai ko kasko na hannun kaka, randarta ta ƙarshe kuwa ta ƙare a hannun mutanen da ko sunanta ba su tambaya ba.