Ranar da gwiwata ta goce a gaban dattawan Dogo

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da ƙoƙon gwiwata ya bar mazauninsa a tsakiyar taron suna a garinmu Dogo. Yau 'ya'yana sun kai shekarun da nake da su a lokacin, amma da na tuna sai in ji takaici ya taso mini sabo fil. Zafin ƙafa ya daɗe da wucewa, haushin manyan gidanmu ne ya ƙi barina.

Ina shekarata ta uku a kolej a Damagaram, ina zaune wurin gwaggona a unguwar Birni. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, saboda haka maganata duk tana hannun yayansa, Baffa, wanda ke Dogo. Shi kuwa Baffa bai taɓa son wannan lakwal ɗin ba, wato karatun boko. Inna, mahaifiyata, ita ce ta yi ta roƙo har ya bari, kuma da sharaɗi ya bari: ranar da ya ga idona ya buɗe, ranar zan tattara littattafaina in dawo gona. Kullum da wannan sharaɗi nake kwana nake tashi.

A shekarar ne na yi wani irin tsawo farat ɗaya, zannuwana duk suka ɗage. Sai gwiwata ta hagu ta fara ciwo. In na daɗe zaune a benci, tashi ya zama aiki. In ina saukowa daga duwatsun unguwarmu da bokitin ruwa, sai in ji ƙafar ta saki kamar ba tawa ba. Amma abin da ya fi komai azaba shi ne durƙuso. To ku da kuka san gidajenmu kun san 'ya mace ba ta gai da babba a tsaye. Gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye, har a gama tambayar gajiya da gida da gona da dabbobi, kuma gaisuwar mutanenmu ba ta da sauri. Ni kuwa sai na koma ɗan rusunawa, in dafa bango in gaishe da mutum.

Na faɗa fa. Wallahi na faɗa har bakina ya gaji. Gwaggo ta ce sanyi ne, ta shafa mini man zafi. Wata maƙwabciya da ba ta taɓa duba ko akuya ba ta rantse wani abu na tsallaka a hanya. Mushe, malamin da ke koya mana wasanni, ya ce lalaci ne irin na 'yan mata. Kowa ya zama likita, amma ba wanda ya ce mini in ɗage zane ya ga gwiwar. Ko mutum ɗaya.

Da aka yi hutu na tafi Dogo. Ranar da na isa na sami Baffa a zaure, na dafa ƙyaure na rusuna na gaishe shi. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke, soja aka kai ki ko lakwal?"

Na ce, "Baffa, gwiwata ce ke ciwo."

Ya ce, "Gwiwa? Yarinya kamarki? Ni da na ba sittin baya ban ce gwiwa ba sai ke? Wannan ba ciwon gwiwa ba ne, ciwon birni ne."

Kafin la'asar magana ta zagaye gidan. Matan gida suna daka suna yi da ni: 'yar lakwal ta fi ƙarfin ƙasa, wai kada zanenta ya yi datti. Wata ta ce daga ƙin durƙuso ake farawa, gobe sai ta miƙa wa Baffa hannu su gaisa. Suka kwashe da dariya. Da yamma Baffa ya kira Inna ya yanke hukunci: in hutu ya ƙare ba inda za ni. Inna ta shigo ɗaki idonta jawur, ta ce, "Don Allah 'yar nan ki daure ki durƙusa, ko sau ɗaya ne a gaban mutane, wataƙila ya huce." Har ita ma ban tabbata ta yarda da ciwon ba, tsoron Baffa dai ya fi yawa a zuciyarta.

Ana nan sai sunan jikan Baffa ya zo. Da hantsi, bayan an yi fatiha an raba goro, dattawa suka baje tabarmi a gindin bishiyar bedi. Gidan cike da 'yan mata, amma Baffa ya aiko musamman ni zan kai fura. Na gane nufinsa. So yake ya nuna wa abokansa ya lanƙwasa ni, ko kuma su zama shaida in na ƙi. Na ɗauki ƙwarya da hannu biyu na fita, ina cewa a raina yau ko mutuwa zan yi sai na kai gwiwar nan ƙasa, don ba zan bar karatuna saboda gaisuwa ba.

Na durƙusa. Na ji abin ya soke ni har cikin kai, na cije leɓe na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Kun gani ko? Ina ciwon yake? Dama na ce iskanci ne."

Wani tsoho daga gefe ya ce in miƙo masa furar. Na yunƙura zan tashi, tafin ƙafata a kafe, jikina ya juya wajensa. Sai na ji ƙas! Ƙafar ta tafi, ni ma na tafi. Ƙwarya ta kife a kan babbar rigar Baffa, sabuwa dal wadda ya ɗinka don sunan. Ihun da na yi har masu daka a bayan gida suka saki taɓare. Da na duba, ƙoƙon gwiwata ba ya gaba inda Allah ya ajiye shi, ya koma gefe ta waje, ya yi tudu a ƙarƙashin fata.

Ku zo ku ga jarumai! Mutanen da suka kwana suna fassara halina suka watse kamar kaji, wannan na salati, wancan na neman takalminsa. Baffa kuwa, Allah shi ne shaidata, abin da ya fara yi shi ne kakkaɓe fura daga rigarsa. Daga baya ya ce a kira maɗori. Nan Inna ta fito ko lulluɓi babu, matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gabansa ba, ta ce, "Wallahi ba mai murɗa mini ƙafar 'ya. Gidan likita za a kai ta." Ana ɗaga ni za a sa a amalanke ƙafar ta miƙe, na ji ƙoƙon ya koma da kansa, amma kafin mu isa gwiwar ta kumbura suntum. Daga can aka tura mu Damagaram.

Lokotoron da ya duba ni a birni ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, sannan ya zaunar da mu, ni da Inna da Baffa. Ya ce ƙoƙon gwiwa yana tafiya ne cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, ni kuwa nawa kwarin bai yi zurfi ba, ga gwiwoyina sun ɗan karkato ciki, ga tsawo ya zo mini da sauri naman cinya bai yi ƙarfin riƙewa ba. Ya ce ana yawan ganin haka ga 'yan mata masu tasowa. Wasu yaran kuma, musamman masu ƙwallo, wani ƙullutu ne ke fito musu a ƙasan gwiwa, wasu jijiyar ciki ce ke yagewa in sun murɗe ƙafa, har akwai wanda ciwon yana ƙugu amma a gwiwa yake jin sa. Sai ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na ce tun kafin azumi. Ya juya ga Baffa.

"Alhaji, ba ta faɗa muku ba?"

Baffa ya ce, "Yaran yanzu ai ba sa magana."

Na buɗe baki, Inna ta matse mini hannu. Har yau ina jin ciwon maganar da na haɗiye a ɗakin nan fiye da na ƙafar.

Aka ɗaure mini ƙafar na wani lokaci, aka koya mini motsin da zai ƙarfafa cinya, aka ce in bar durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi. Saura maganar lakwal. Na yi zaton wanda ya ga ƙashi ya goce da idonsa zai ce, 'yar nan na zalunce ki. Ina! A bakin ƙofar gidan likitan, yana gyara hula zai hau kabu-kabu, ya ce wa Inna ba tare da ya dube ni ba, "To, ta ci gaba da lakwal ɗin. Da wannan ƙafa me za ta tsinana mana a gona?"

Haka na sami karatuna. Gaskiyata ba ta cece ni ba, kukan Inna bai cece ni ba, sai da aka lissafa ni cikin kayan da suka lalace. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, na dai ci gaba da gaishe shi a tsaye.

Abin da na koya a gindin bedin nan shi ne, babban da ya riga ya yanke wa yaro hukunci ba ya jin kukansa, laifinsa kawai yake nema. Saboda haka in yaro ya ce maka wuri kaza na masa ciwo, ajiye wa'azin tarbiyya tukuna, ka sunkuya ka duba wurin. Kada ka jira sai ƙashinsa ya goce a gaban jama'a kafin ka yarda ba ƙarya yake yi ba.