Jirgin Kaka Mai Tafiya da Baya

Ranar Juma'ar da ta biyo Babbar Sallah, shekarar da na gama firamare, hantsi ya same ni a bayan rumbun gidanmu da ke Jega Sabon Gari, na tasa kan jirgin ƙasan Kaka a gaba, cikinsa a buɗe, wayoyi biyu da na tsinke da reza suna reto. Gumi nake yi kamar wanda ya wuni ban ruwan albasa, alhali ko guga ban ɗaga ba.

Jirgin na wasa ne, bai fi tafin hannu ba, da taragu uku da layin dogo mai zagaye. Marigayi kakana ya zo da shi tsarabar Makka, mu kuwa a garinmu ko ƙarar jirgin ƙasa ba mu taɓa ji ba. Kaka ta ajiye shi a kabad tsakanin kwanukanta na jere, sau ɗaya take sauko da shi a shekara, lokacin dawowar alhazai. Sai ta tura maɓallinsa, ya zagaya, ta yi wa mijinta addu'a, ta mayar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jirgin ba ya jin magana: in ya tashi, sai an kama shi da hannu. Bashiru ɗan ajinmu kuwa yana da motar rimot da ƙafafunta suka karye. Na ba shi tattabarata, ya ba ni gawar motar da rimot ɗin, na zauna jiran ranar da Kaka za ta tafi biki Karaye.

Tana fita na shiga aiki. Na daɗe ina leƙen masu gyaran rediyo a kasuwa, sai nake ganin ni ma gwani ne. Na ciro ɗan allon lantarkin motar, na cusa ƙusa cikin garwashin murhu har ta yi ja, na riƙe ta da tsumma ina narka dalma. Sau uku na ƙona yatsa ban yi kuka ba, don kada a ji. Na haɗa wayoyin, na rufe, na ɗora shi a kan layi, na danna rimot. Shiru. Na tura tsohon maɓallin, shi ma shiru. Kwana biyu ina buɗewa ina rufewa, tuwo ma ya daina wuce mini.

Ina tsaka da wannan a ranar Juma'ar sai inuwa ta rufe ni. Kaka ce, ta dawo da kwana ɗaya kafin lokaci. Kullum da wasa take kirana maigida, amma ran nan sunana ta kira. "Umaru, mi ka yi ma kayan Alhaji?" Ta zauna a kan turmi, ta ɗauki jirgin tana shafawa da bakin zane. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kunya ta sa na sunkuyar da kai ina jujjuya rimot, murfin bayansa ya faɗo. Babu komai a ciki. Ashe Bashiru ya cire batiransa kafin ya ba ni! Na ruga na kwashe na rediyon Baba, na maida wayoyin, na danna. Jirgin ya yi ƙugi ya tashi, amma da baya, don na sauya wayoyin. Na saki, ya tsaya cak. Na zube a ƙasa ina hamdala. Kaka ta yi dariya har da hawaye. "Maigida, Makka za shi koma ke nan? Miƙo abin ga in gani." Na ce bari in gyara wayoyin, ta ce, "Kul! Bar shi hakanan."

Yanzu gyaran waya nake yi a Aliero, da ƙarfen dalma na lantarki, aikin da ya cinye mini kwanaki ba zai kai minti goma ba. Kaka ta rasu, jirgin yana hannuna, 'ya'yana suna ta roƙo in daidaita shi. Na iya, amma ba wanda zai sake ce mini kul. Shi ya sa na bar shi.